Takobi da "takouba": yadda sunan kowane takobi ya koma sunan nau'i guda

Idan aka tambayi manomi a Kunci, ko ɗan kasuwa a Kurmi, ko ɗalibi a Jami'ar Bayero, mene ne takobi, amsarsu ba za ta sha bamban ba. Dogon ƙarfe ne mai kaifi da mariƙi, ana sa shi a kube, an kuma ƙera shi domin yaƙi. Miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe, ƙirar Kano ne ko ta Hindu, duk sunansa takobi. Amma a kundin gidajen tarihi na Turai da Amurka, da shafukan masu gwanjon kayan da, wannan kalma da suke rubutawa "takouba" ko "takoba" suna ne na nau'i guda tak: miƙaƙƙen takobi mai kaifi biyu na yankin Sahel. Galibi kuma a ƙarƙashin hotonsa sukan rubuta cewa na Abzinawa ne.

Kalma ɗaya ce ke nan take aiki biyu: a gida ta game duka, a waje ta keɓanta da ɗaya. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda hakan ta faru, da siffar nau'in da ake nufi, da sunayen da Hausawa suke da su na bambanta takubba, da kuma abin da ya sa batun ya wuce gardamar masu nazarin harshe.

Ma'anar kalmar a bakin masu ita

A Hausa, "takobi" suna ne na gama-gari, jam'insa takubba. Ana iya gane faɗinsa ta hanyar duba wuraren da ake amfani da shi ba tare da kowa ya ji wani baƙon abu ba. Takobin da ke jikin tutar Saudiyya takobi ne. Wanda jarumi ke wulwulawa a fim ɗin Indiya ko na Sin takobi ne. Wanda ake miƙa wa hafsan da ya fi kowa hazaƙa ranar yaye ɗalibai a makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna shi ma takobi ne. Idan malami yana fassara laƙabin Khalid ɗan Walid, Saifullahi, cewa yake yi "Takobin Allah", ba ya tsayawa tantance irin ƙirar da Larabawan wancan zamani suke riƙewa.

Haka abin yake a maganganun yau da kullum. Duk mai karanta labarai ya saba da jin cewa wani ɗan siyasa "ya lashi takobin" kayar da abokin hamayyarsa, ko gwamnati "ta lashi takobin" kawo ƙarshen wata matsala. Babu mai tambayar wane irin takobi aka lasa. A nan kalmar ta tashi daga sunan makami ta zama alamar alwashi.

Akwai kuma wata tsohuwar kalma mai ma'ana ɗaya, "kansakali". An fi cin karo da ita a kirari, da waƙoƙin fada, da littattafan labaran yaƙi, kuma tana cikin tsofaffin ƙamusoshi irin na Bargery wanda aka buga a 1934. A yau matasa da yawa sun san ta ne ta hanyar karatu kawai, amma ita ma ta gama-gari ce, ba a keɓe ta da ƙira guda ba.

Iyakar kalmar tana bayyana ne idan aka kwatanta ta da maƙwabtanta. Wuƙa gajera ce, aikinta yanka da fiɗa. Adda kayan gona ce, ta sassabe da sarar itace. Barandami dangin gatari ne. Mashi na suka ne ko jifa. Abin da ya raba takobi da waɗannan shi ne tsawo, da kube, da kuma manufar da aka ƙera shi dominta.

Daga ina kalmar ta fito

Masu nazarin harshe da yawa suna ganin Hausa ta aro kalmar ne daga harshen Abzinawa, inda ake cewa "takoba". Hujjarsu ita ce siffar kalmar: a harsunan Berber, waɗanda na Abzinawa yake cikinsu, sunayen jinsin mace sukan fara da harafin "t". Ba ita kaɗai ce ta biyo wannan hanya ba. "Raƙumi" da "takarda" suna cikin kalmomin da ake dangantawa da wannan cuɗanya ta ayarin Sahara. Zabarmawa ma "takuba" suke cewa. A ɗaya ɓangaren, Fulani suna da tasu kalmar, "kaafahi", Barebari kuma "kashagar".

Abin lura shi ne, a bakin Abzinawan kansu ma kalmar ta gama-gari ce. Ba'abzine da ya ga takobin wata ƙasa zai kira shi takoba, kamar yadda Bahaushe zai kira shi takobi. Ke nan ba a Agadas ma'anar ta tsuke ba, ba kuma a Kano ba. Ta tsuke ne a lokacin da ta ƙetara zuwa harsunan Turai.

Aron kalma kuma ba ya tabbatar da aron abin da take nufi. Kasancewar Hausa ta karɓi sunan daga arewa bai nuna cewa a can kaɗai ake ƙera takobin ba, bai kuma nuna cewa Hausawa ba su san makamin ba kafin sunan ya iso. Harshe yakan karɓi sabon suna ya ajiye tsoho a gefe, kamar yadda ake gani a wasu kayayyakin ciniki.

Siffar nau'in da ake kira "takouba"

Wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ko Damagaram, ya riga ya ga wannan takobi rataye a kafaɗar mahaya. Siffofinsa su ne:

Ruwansa miƙaƙƙe ne, mai kaifi ta ɓangarori biyu. Yana da faɗi a gindi, yana sirancewa zuwa gaba, kuma bakinsa yakan kasance a zagaye, ba mai tsini sosai ba, domin an fi amfani da shi wajen sara a kan suka. Tsawonsa gaba ɗaya yakan kusanci mita guda.

A tsakiyar ruwan akan sami layuka masu ɗan kwarmi, sau da yawa guda uku, na tsakiya ya fi tsawo. Suna rage nauyin ƙarfen ba tare da rage masa ƙwari ba. A wasu akan ga tambarin jinjirin wata guda biyu a kusa da ƙarshen layukan.

Tsakanin ruwa da mariƙi akwai ƙarfe mai faɗi da ya gitta domin kare hannu, an naɗe shi da fata ko an lulluɓe shi da tagulla mai zane. A ƙarshen mariƙin akwai dunƙulen ƙarfe da ke daidaita nauyi, yana kuma hana takobin suɓucewa.

Kubensa na fata ne, aikin dukawa, mai ado da zane, wani lokaci da bakin tagulla. Ana rataya shi ne a kafaɗa da hamila, ba a ɗaura shi a ƙugu kamar yadda sojan Turai yake yi.

Wannan ƙira ba ta al'umma guda ba ce. An san ta a hannun Abzinawa, da Hausawa, da Fulani, da Nufawa, da Barebari, har zuwa lamidodin arewacin Kamaru. Kowane yanki yana da nasa salon ado, amma ginshiƙin ƙirar ɗaya ne.

Yadda ma'anar ta tsuke

Abin da ya faru da "takobi" sananne ne a tarihin harsuna. Baƙo yakan iso wata ƙasa ya ga wani abu da bai saba gani ba, ya tambayi sunansa. Sai a gaya masa kalmar da kowa yake amfani da ita. Da yake yana da tasa kalmar ta gama-gari a harshensa, sai ya ɗauki wadda aka gaya masa ya maƙala ta a kan irin wanda ya gani a wurin kaɗai.

Sunayen takubban da suka shahara a duniya kusan duk ta haka suka samu. "Saif" a Larabci kowane takobi ne, amma a littattafan Turai ya zama sunan wani nau'in takobin Larabawa. "Shamshir" a Farisanci, da "kilij" a Turkanci, da "talwar" a harsunan arewacin Indiya, dukkansu ma'anarsu a gida takobi ce kawai, a waje kuma kowanne ya zama sunan wata lanƙwasasshiyar ƙira. A Sudan, miƙaƙƙen takobin da masu tara kayan tarihi suke kira "kaskara" mutanen ƙasar "saif" suke ce masa. Masu nazari sun kuma lura da kamannin da ke tsakanin "kaskara" da kalmar Barebari "kashagar", kamannin da kunnen Bahaushe zai iya jiyowa a "kansakali".

Akwai misali mafi kusa da gida. A Hausa, "suya" aikin soya kowane abu ne: suyar ƙosai, suyar gyaɗa, suyar naman layya. Amma a Legas, da Landan, da duk inda kalmar ta je, ta zama sunan abin da Bahaushe yake kira tsire ko balangu. Ɗan Legas bai yi kuskure a harshensa ba, sai dai idan ya zo Kano ya ce da mai ƙosai ba suya take yi ba, a nan ne za a yi masa dariya.

A game da takobi, Faransawa ne suka fi yaɗa sunan. Sun yi shekaru suna fafatawa da Abzinawa a Sahara tun daga ƙarshen ƙarni na 19, har zuwa tawayen Kawusan da ya yi wa Agadas ƙawanya a ƙarshen 1916 da farkon 1917. Hafsoshinsu da masu bincikensu sun rubuta kalmar da ƙa'idar rubutun Faransanci, shi ya sa ake ganin "ou" a tsakiyarta. Ba'abzine mai rawani da amawali a kan raƙumi ya zama hoton da Turai ta fi sani na Sahara, sai takobin ya bi shi da sunansa da komai.

Matsayin Kano a tarihin wannan takobi

Rubuce-rubucen Turawan da suka riga mulkin mallaka zuwa ƙasar Hausa sun ba da wani hoto dabam. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a farkon 1824, ya bayyana takubban da ya gani da cewa dogaye ne, miƙaƙƙu, masu faɗi. Ya ce ruwansu yana fitowa ne daga tsibirin Malta zuwa Bingazi, a ratsa Sahara da shi zuwa Borno, daga nan zuwa ƙasar Hausa, sannan a yi masa mariƙi a Kano a rarraba shi zuwa ƙasashen da ke kewaye.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya yi ƙiyasin cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ake shigowa da shi birnin a kowace shekara, kowane ɗaya a kan wuri 1,000, jimilla wuri miliyan 50 ke nan. Ya ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar garin Solingen ne na ƙasar Jamus. Ya kuma lissafa masu saye daga kasuwar Kano: Abzinawan Kel Owi da maƙwabtansu, da Hausawa, da Fulani, da Nufawa, da Barebari. Alƙalumansa ƙiyasin matafiyi ne, ba lissafin ma'aji ba, amma abin da ya shaida a fili yake: Abzinawa suna cikin masu zuwa Kano sayen takobi.

Takobi guda yakan ratsa hannaye da yawa kafin ya kai ga mai shi. Maƙerin baƙi ne yake gyara ruwan ko ya ƙera sabo daga tamar gida. Maƙerin fari yana yin aikin tagulla da azurfa. Baduku yana ɗinka kube da hamila. Dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa. Saboda ruwan Turai ya fi tsada, maƙeran gida sukan kwaikwayi tambarinsa, musamman jinjirin watan nan biyu, har ya zama wani ɓangare na adon takobin. A zamanin baya-bayan nan, da tama ta ja baya, ƙarfen tsofaffin motoci ne ya maye gurbinta.

Wannan ba ya rage wa maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira Inadan, komai daga gwanintarsu. Su ma sun ƙera, sun yi ado, kuma har yau suna yi a Agadas da kewayenta. Abin da tarihin ya nuna shi ne makamin ɗan kasuwa ne mai gidaje da yawa, kuma Kano tana cikin manyan gidajensa.

Sunayen da Hausawa suke bambanta takubba da su

Da yake "takobi" ya game duka, masu sana'ar yaƙi da ƙira suna da ƙananan sunaye na rarrabewa. Tsofaffin ƙamusoshi, da binciken Joseph Smaldone kan yaƙi a Daular Usmaniyya wanda aka buga a 1977, sun adana wasu daga cikinsu.

"Fatefate" shi ne miƙaƙƙe mai faɗin ruwa da kaifi biyu, wanda aka fi yawan riƙewa. "Tamogashi" shi ne mai layuka uku a jikin ruwansa. "Dunhu" shi ne wanda ba shi da zane ko tambari. "Bisalami" lanƙwasasshe ne. "Hindi" ma lanƙwasasshe ne, sunansa kuma yana nuni da ƙasar Hindu, wadda ƙarfenta ya yi suna a duniyar Musulmi tun da daɗewa.

Idan aka auna da wannan ma'auni, abin da gidajen tarihi suke kira "takouba" ya faɗa ne a cikin rukunin su fatefate da tamogashi da dunhu. Bisalami da hindi ba sa shiga "takouba" a ma'anar Turawa, amma a Hausa takubba ne cikakku. A taƙaice, kowane "takouba" takobi ne, amma ba kowane takobi ne "takouba" ba.

Waɗannan sunaye sun fara ɓacewa ne tun lokacin da takobi ya daina zama makamin fagen fama. Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Daga wancan zamani har zuwa jihadin da aka fara a 1804, da basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, barde a kan doki da takobi da mashi shi ne ƙashin bayan runduna. A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, kuma a ƙarshen watan dawakin Kano suka yi karo da bindigogi a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasu. Bayan nan, bambanci tsakanin tamogashi da dunhu ya daina zama ilimin da rai ya dogara a kansa, sai harshe ya riƙe babbar kalmar ya saki ƙananan.

Takubba masu sunan kansu

Akwai mataki na uku bayan suna na gama-gari da sunan nau'i, wato takobin da aka raɗa wa suna shi kaɗai. Musulmi sun san Zulfiƙari, takobin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya koma hannun Sayyidina Aliyu.

A ƙasar Hausa, fadar Katsina tana riƙe da Gajere, takobin da ake dangantawa da Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. Tana kuma riƙe da wani mai suna Bebe, wanda ruwayar fada ta ce an ƙwato shi ne daga Gobirawa a fagen yaƙi. A Daura ana ajiye da takobin da ake cewa da shi Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Masanin tarihi A. D. H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan kayan sarauta a wani littafi da hukumar kula da kayan tarihi ta Najeriya ta buga a 1964.

Darajar waɗannan ba a ƙirarsu take ba, a labarin wanda ya riƙe su take. Su ne shaidar cewa mulki ya wuce daga hannu zuwa hannu. Harshen sarauta ma cike yake da ƙarfe mai kaifi: ana cewa "sarkin yanka" ga sarkin da a da yake da ikon zartar da hukuncin kisa, ana kuma cewa wane "shi ke da wuƙa da nama" idan iko duka ya tattara a hannunsa.

Kunci da karkarar arewacin Kano

Garin Kunci yana arewacin Jihar Kano, a yankin da ya haɗa da Bichi da Tsanyawa, kusa da ƙasar Kazaure. Shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da ta daɗe tana amsa sunansa kafin gwamnatin jiha ta sauya mata suna zuwa Ghari a 2024. Ƙasa ce ta noma, mai ƙauyuka kusa da juna, inda ake shuka gero da dawa da gyaɗa da wake, ana kuma noman rani a kewayen madatsar ruwan Gari.

Duk abin da ya taso daga Agadas da Damagaram zuwa Kano sai ya ratsa karkarar arewacin birnin, ko ayarin gishiri ne, ko rundunar yaƙi. Wasu daga cikin mutanen ƙasar Abzinawa sun sauka a karkarar Kano da Katsina suka zauna, suka zama Hausawa, zuriyarsu kuma ta shahara a fataucin goro da sunan Agalawa da Tokarawa. A irin wannan ƙasa da jama'a suka gauraya, tambayar ko takobin na Abzinawa ne ko na Hausawa ba ta da amsa guda, domin mai ƙera shi da mai sayar da shi da mai rataya shi suna iya zama 'yan kasuwa ɗaya.

A yau aikin maƙerin karkara ya koma ga fartanya, da garma, da lauje, da gatari, da wuƙa. Takobi yana fitowa ne a ranar hawa, ko naɗin sarauta, ko a hannun maharba da 'yan tauri a lokacin bukukuwansu. A wasu gidaje kuma yana nan a rataye a ɗakin tsoho, gadon kaka, kubensa ya bushe, babu wanda ya san ko tamogashi ne ko dunhu. Irin waɗannan ne masu yawon sayen kayan da suke nema. Idan ya bar ƙauye ya isa kasuwar waje, sunan gidan da ya fito da na garin da aka yi masa mariƙi sukan ɓace, a maye gurbinsu da kalma ɗaya da sunan wata ƙabila.

Abin da ya sa bambancin yake da muhimmanci

Na farko shi ne batun gado. Ana ta muhawara a duniya kan mayar da kayan tarihin Afirka da aka kwashe a zamanin mulkin mallaka, kuma an riga an fara dawo wa Najeriya da wasu daga cikin kayan tagullar Benin. Duk mai neman a dawo masa da abu, sai ya fara nuna cewa daga wurinsa ya fito. Idan kundin gidan tarihi ya rubuta kowane miƙaƙƙen takobin Sahel a matsayin na Abzinawa saboda sunan da aka ba nau'in, to wanda aka ɗauka a Kano ko Sakkwato ko Burmi a 1903 zai iya shigewa cikin wannan rukuni ba tare da an lura ba. Ɗalibin da yake binciken kayan ƙasarsa a intanet ya kamata ya san cewa rubuta "takobi" kaɗai ba zai fito masa da su ba, sai ya haɗa da "takouba" da "takoba", sannan ya duba inda aka ce an samo kowanne.

Na biyu shi ne aikin jarida da shari'a. A lokacin zaɓe da bukukuwan Sallah, rundunar 'yan sanda takan baje kolin makaman da ta ce ta ƙwace daga hannun 'yan daba. Mafi yawansu adduna ne, da wuƙaƙe, da barandami, da gariyo. Idan mai fassara rahoto ya kira su duka takubba, ya ba mai karatu hoton da ba shi ne ba, ya kuma jingina ta'asar titi ga kayan fada. Dokar zaɓe ta Najeriya ta haramta zuwa taron siyasa ko rumfar zaɓe da makami, kuma ba ta ware na gado daga na kasuwa ba. Saboda haka kiran abu da sunansa ba zai wanke mai laifi ba, amma zai sa jama'a su san ainihin abin da ke yawo a unguwanninsu.

Na uku shi ne makomar hawa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano a jerin al'adun gado na duniya. A wannan shekarar ce kuma majalisar dokokin jiha ta soke dokar 2019 da ta raba masarautar gida biyar, ciki har da ta Bichi wadda a lokacin Kunci take ƙarƙashinta, rikicin sarauta ya biyo baya, 'yan sanda suka hana hawa saboda dalilan tsaro. Hawa shi ne kusan wuri na ƙarshe da yaro zai ga takobi a muhallinsa, shi ne kuma kasuwar da ta rage wa masu ɗinka kube da hamila. Duk shekarar da ba a hau ba, waɗannan masu sana'a ne suke fara ji a jikinsu.

Yadda ya dace a yi amfani da kalmomin

Mai rubutu da Hausa ba ya bukatar aro "takouba" domin ya ambaci takobin ƙasarsa. "Takobi" ya wadatar idan ana magana a dunƙule. Idan ana son keɓe nau'in da Turawa suke nufi, ana iya cewa miƙaƙƙen takobin Sahel mai kaifi biyu, ko a yi amfani da tsofaffin sunaye irin su fatefate da tamogashi inda siffar ta dace. Mai fassara daga Turanci ko Faransanci kuma ya lura cewa idan ya mayar da "takouba" zuwa "takobi" kawai, ya zubar da bayanin ƙira da marubucin ya nufa, sai ya ƙara kalma ɗaya ko biyu da za su dawo da shi.

Wanda yake da tsohon takobi a gida zai yi wa tarihi hidima idan ya ɗauki hotonsa, ya auna tsawonsa, ya duba layuka da tambarin da ke jikin ruwan, sannan ya zauna da dattawan gidan ya rubuta sunan wanda ya fara riƙe shi, da inda aka saye shi, da sunan da suke kiransa da shi. Gidan Makama a Kano da sassan tarihi na jami'o'i wurare ne da za a iya kai irin wannan bayani. Ƙarfen zai iya yin wasu shekaru ɗari a rataye, amma dattijon da ya san sunansa ba zai kai haka ba.